Kafin Ku Sayi Iri, Ku Ƙidaya Jarkokinku

A ƙarshen watan Fabrairu, sanyi na bankwana, wani yaro ɗan abokina ya same ni a zaure bayan sallar la'asar riƙe da leda. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya zazzage abin da ke ciki a kan tabarma: irin tumatir, da na kabeji, da karas, da latas, da tattasai, da kankana. Ya ce, "Baba, bayan ɗakin Inna zan gyara in yi lambu, na zo ka sa mini albarka." Na sa masa, don abin ya faranta mini rai ƙwarai. Sai na tambaye shi jarka nawa ake saye a gidansu kullum, kuma a ciki nawa Innarsa za ta iya bar masa. Ya yi shiru. Ya lissafa kuɗin iri, ya ari fartanya, har ya yi wa ƙannensa alkawarin kankana, amma ruwa bai shiga lissafinsa ba.

Saboda shi da ire-irensa nake wannan rubutu. Na ga yadda tsadar kayan miya ta sa da yawanku, maza da mata, kuka fara kallon lungun bayan ɗaki da idon manomi. Wannan alheri ne, kuma ba na so ya mutu a hannunku tun a gwajin farko. Na sha ganin yaro ya shuka da zumuɗi, bayan mako uku komai ya ƙone, ya jefar da fartanya ya ce shi ba shi da hannun shuka. 'Ya'yana, hannunku lafiya lau yake. Abin da ya kashe shukar abu ne da ake iya ganewa, kuma ana iya gyara shi.

Mu 'yan Kusugu a nan Daura bai kamata a koya mana darajar ruwa ba. Labarin da aka fara ba mu tun muna goye na ruwa ne: rijiya ɗaya, maciji a ciki, gari guda ba ya ɗiba sai ranar Juma'a, har baƙo ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya roƙi ruwa aka rasa na ba shi. Masana tarihi suna ta muhawara a kan wane ne wannan baƙo Bayajidda da inda ya fito, wannan nasu ne. Abin da ni nake ɗauka a ciki shi ne kakanninmu sun san rayuwar da ake auna ruwa kafin a yi komai. Rijiyar tana nan cikin ginin da aka kewaye ta da shi, baƙi na zuwa daga nesa su sha, mu kuma muna wuce ta kullum. Ƙasar da take ciki ba ta canja hali ba. Damina a nan daga Yuni ce zuwa Satumba, ruwan shekara duka yakan tsaya kusa da milimita 600, wata shekara ya haura, wata ya gaza. Sauran wata takwas sai guga, sai famfo idan ya zo, sai rijiyar burtsatse, sai 'yan garuwa. Masu noman rani a bakin madatsar Sabke da ta Daberam suna da ruwa kwance a gabansu. Kai mai lambun gida, jarka ce madatsarka.

To ga lissafin da nake so kowa ya yi kafin ya sari ƙasa. Ka auna babban taku ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, kusan murabba'in mita ɗaya ke nan. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rana da iska suna zuƙe lita 6 zuwa 8 kullum daga wannan ɗan wurin idan ganye ya rufe shi. Da sanyi abin yakan sauko zuwa lita 4 ko 5. Ke nan jarka mai lita 25 ba za ta shayar da fiye da irin wannan wuri uku ko huɗu ba a bazara. Wanda ya share fili taku biyar da taku huɗu, yana ganin ai ɗan kaɗan ne, ya ɗaura wa kansa bashin jarka kusan shida kowace rana, ba Juma'a ba Lahadi. Idan jarka ɗaya gidanku zai iya ba ka, fangali biyu ƙanana su ne lambunka, kada ka ƙara ko taku ɗaya. Fangali biyu masu rai suna cika tukunya. Goma da ke fama da ƙishi ba sa ba da komai sai ɓacin rai.

Ruwan kuma ba lallai sai na saye ba. Ruwan alwala tsarkakakke ne ga shuka. Gidan da mutum takwas ke alwala sau biyar, idan aka ajiye baho a wurin, za ku yi mamakin abin da zai taru kafin isha'i. Haka ruwan wankin shinkafa da na gero da na kayan miya. Wanda nake hana ku shi ne ruwan wanki mai omo da bilic, domin gishirin da ke cikinsa yana taruwa a ƙasa sannu a hankali, har ka ga wani fari-fari a saman fangali, bakin ganye ya fara ƙonewa. Da damina kuwa ku dubi indararo. Rufin kwano mai mita 10 da mita 5 yana zubar da kimanin lita dubu 30 a daminar da ta kai milimita 600, jarka 1,200 ke nan, duk suna bin kwata. Ba wanda zai iya tare su duka, amma duro ɗaya ko biyu a ƙarƙashin indararo suna raba ka da sayen ruwa a ranakun da ruwa ya ɗauke tsakiyar damina. Sai dai a rufe bakin duron ruf, kada garin neman miya a yi kiwon sauro.

Yadda ake zuba ruwan ma ilmi ne. A zuba da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, a hankali, har ya nutse. Yayyafin da ke jiƙa ganye ya bar ƙasa a bushe yana koya wa saiwa zama a sama, ranar da ka makara sai rana ta gasa ta. Kafin ka zuba, tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu. Idan da danshi, bari sai anjima. Na faɗi wannan ne domin yawan ruwa ma kisa yake yi. Shekarar da na fara lambu, ina da gwanda uku da nake ji da su. Na ga ganyensu ya yi rawaya ya langaɓe, na ɗauka ƙishi ne, na riƙa ƙara musu ruwa safe da yamma. Da suka faɗi na tona, sai na tarar saiwar ta ruɓe tana wari. Har yau idan na tuna ina jin zafin abin, don da na tura yatsa sau ɗaya da sun rayu. Saiwa tana numfashi, idan ruwa ya cika duk ƙofofin ƙasa sai ta shaƙe, kuma alamar da take nunawa a sama iri ɗaya ce da ta ƙishi.

Akwai wata dabara da nake so ta yaɗu a unguwar nan, domin kayan aikinta na wurin maginan tukwanenmu. Ka sami tulu ko ƙaramar randa ta ƙasa wadda ba a shafe ta da komai ba, ka binne ta har wuya a tsakiyar fangali, ka cika ta da ruwa, ka rufe bakin da murfi. Ka shuka kuɓewa ko tattasai ko tumatir huɗu kewaye da ita, tazarar tafin hannu ɗaya ko biyu. Jikin tulun yana tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, idan ƙasa ta bushe ya ƙara, idan ta jiƙe ya rage, saiwoyi kuma su zo su rungume shi. Ba abin da rana ke sata sai kaɗan. Sai ka yi kwana biyu ko uku kafin ka sake cikawa. Manoman ƙasar Sin sun rubuta wannan dabara fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, kuma ta dace da rairayinmu kamar don shi aka yi ta. Wannan tsattsafowar ce dai marigayi Muhammad Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yi amfani da ita ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Idan Allah ya sa kun girbe fiye da na miyar rana ɗaya, ku tuna da ita.

Sai rufe ƙasa. Fangalin da aka bari tsirara yana asarar ruwa kamar tulun da ba murfi. Ku shimfiɗa ɓawon gyaɗa, ko ɓuntun shinkafa, ko busasshen ganyen darbejiya, kaurin yatsa uku. Na san abin da za ku ce, gara. Gaskiya ne, a ƙasarmu duk inda busasshen abu ya kwanta gara na zuwa gaisuwa. Amma gara ta fi son matacce a kan mai rai, kuma takan kama shukar da ƙishi ya riga ya raunana. Ku bar tazarar yatsa huɗu tsakanin abin rufin da gindin shuka, ku barbaɗa toka kaɗan a wurin, ku riƙa ɗagawa kuna dubawa.

Ƙasar Daura jigawa ce, rairayi ne mai saurin shanye ruwa da saurin sakinsa. Maganinta taki, amma a nan ne yara suka fi yi wa kansu ɓarna. Ɗanyen kashin kaji wuta ne. Wanda ya kwaso shi daga akurki ya zuba a gindin shuka, kafin kwana uku zai ga ganye ya ƙone kamar an babbaka. Na awaki da na tumaki ya fi sauƙi, duk da haka ɗanyensa na zuwa da irin ciyawa da gwazarma mai cin saiwa. Ku haƙa rami a inuwa, zurfin gwiwa. Ku riƙa zuba kashin dabbobi, da sharar ganye, da ɓawon kayan miya, da ɗan toka, kuna yayyafa ruwa, kuna juyawa duk bayan mako biyu. Za ku ji cikinsa ya ɗau zafi, wannan alama ce yana nuna. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, warin ya tafi, ya koma ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Shi ne takin da ake so, bokiti ɗaya a kowane taku. Ƙasar juji da ake kwasowa daga bakin unguwa, da can taki ce mai kyau. Yanzu cike take da leda da fasassun kwalabe da matattun batura, kuma gubar batir tana iya shiga ganyen da za ku ci. Ku bar ta.

Idan kun taɓa ƙetare Kongolam kuka nufi Matamaye ko Magarya, kun ga yadda gawo ya cika gonaki, kuma kun ga geron gindinsa ya fi na fili tsayi. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tohowa, sai ganyen ya zama taki a gindinsa. Wanda ke da gona mai gawo a ƙauye, ya roƙi buhu ɗaya na ƙasar gindinsa. Ban san abin da ya fi ta kyau wajen cika buhun shuka ba.

Takin zamani ba haram ba ne, amma ɗan kaɗan ne maganinsa. Murfin kwalbar lemo ɗaya na kamfa ya ishi gindin tumatir ko kuɓewa guda. A binne shi nesa da kara da tazarar yatsa huɗu, a bi shi da ruwa. Yuriya ta ganye ce, tana sa alayyafo ya yi kore shar, amma idan ta yi wa tumatir yawa sai ya yi ta ganye ya manta da 'ya'ya.

Yanzu bari in koma kan ledar yaron nan, domin ko da yana da rijiya a tsakar gida, fiye da rabin irin da ya sayo ba lokacinsa ba ne. Tumatir ba ya son zafin bazararmu. Idan rana ta wuce digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furen yakan bushe ya zube ba tare da ya ƙulla ba. Sai ka ga shuka kore, ta yi fure, ka yi ta jira, babu ko ɗa ɗaya. Mutane su ce maita ce ko baki, alhali zafi ne. Shi ya sa masu lambu na gaske, daga Kadawa ta Kano har fadamun Katsina, suke renon tumatir daga ƙarshen damina zuwa Nuwamba, su dasa bayan mako huɗu, su tsinka cikin sanyi. Kabeji da latas da karas da albasa duk 'yan hunturu ne. Latas ɗin da aka shuka a Maris zai yi tsiri ya fitar da kai ya yi ɗaci. Karas kuma ba a dasa shi, inda aka yafa nan zai zauna, idan aka cire aka mayar sai ya yi ƙafafu.

Wanda zai fara, ya fara da abin da kakanninsa suka ci. Alayyafo yana shiga tukunya cikin mako uku zuwa huɗu, kuma idan yanka ka yi ba tugewa ba, zai sake tohowa sau biyu ko uku. Kuɓewa tana son zafi, ka jiƙa irin ya kwana, cikin wata biyu ka fara tsinka, kuma ka riƙa tsinka duk bayan kwana biyu, don idan ka bar 'ya'yan suka ƙosa uwar takan daina haihuwa. Rama, yakuwa, lalo, karkashi, kabewa a bar ta ta hau danga, waɗannan ba sa neman lallashi. Na lura wasunku suna jin kamar shuka lalo ba burgewa, sun fi son abin da za a ɗauka a waya a nuna. Ku tambayi wadda ke riƙe da tukunyar gidanku abin da take aika a sayo mata kullum, wannan shi ne jerin irin da za ku saya.

Wurin reno akwai kuskure biyu da ke maimaita kansu. Na farko binne iri da zurfi. Irin alayyafo ƙanana ne kamar ƙwayar yashi, a gauraya shi da yashi a yafa, a ɗan shafa ƙasa a kai, shi ke nan. Ƙa'idar ita ce kada zurfin ya wuce kaurin irin sau biyu ko uku. Na biyu cunkoso. Idan tsiro ya fito kamar gashin kai, ga ruwa kullum, sai ka wayi gari ka ga sun kwanta, gindinsu ya tsuke ya yi baƙi. Ruɓar danshi ce. Ka rage su tun suna ƙanana, ko da zuciyarka ba ta so, ka bar iska ta ratsa. Dashe kuma da yamma ake yi, a ɗauko kowane tsiro da ƙasar gindinsa, a ba shi ruwa nan take, a yi masa 'yar inuwa ta kwana biyu.

Kafin duk wannan, shinge. Akuya ɗaya tana gama aikin wata biyu kafin a idar da sallar azahar, kaza kuma ba ta ci ba ta bari, tonon banza take yi. Danga ta kara ko zana ta wadatar, a ƙarfafa ta ta gabas da arewa inda iskar hunturu ke bugowa. Ƙadangare shi ne ɓarawon da ba a zargi, da rani idan kore ya yi wuya yakan bi tsiro ɗaya-ɗaya ya datse. Tsohon gidan sauro da aka daina amfani da shi, a wanke shi a kafa a kan fangalin reno, yana tare ƙadangare da tsuntsu da fara gaba ɗaya.

Maganar ƙwari ita ce inda nake so ku saurare ni da kunnen basira, domin a nan ne lambu ke iya zama cuta. Kullum da safe ka juya ganye ka dubi bayansa. A nan darɓa ke taruwa, ganye ya nannaɗe ya yi danƙo, tururuwa na hawa da sauka. A nan farin ƙuda ke ɓuya, wanda ke ɗauko cutar da ke sa ganyen tumatir ya murɗe ya ƙanƙance. Wannan cutar ba ta da magani, tuge shukar za ka yi ka ƙone, don ka ceci sauran. A nan kuma za ka ga wasu fararen zane-zane a cikin naman ganye, kamar an yi tafiya a ciki. Tsutsar da manoma suka sa wa suna Sharon ke nan. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, ta ratso har ta iso mu, a 2016 ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa har kwandon tumatir ya gagari talaka. Uwarta 'yar ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai yawo da dare, guda ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 200, kuma cikin wata guda 'ya'yanta sun fara nasu. Manomi mai kadada goma ba ya iya bin ganye ɗaya-ɗaya. Kai mai gindi goma kana iyawa, kuma wannan ita ce babbar damar da kake da ita a kansa. Ka tsinke duk ganyen da ka ga zanen, ka jefa a murhu.

Maganin da ya fi dacewa da gida yana zube a bakin titunanmu. Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, an fara dasa ta a Borno wajen 1928, yau babu unguwar da ba ta yi wa inuwa. Ku tsinci 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, ku wanke, ku shanya a inuwa, ku fasa ku fitar da ƙwayar. Ku daka rabin kilo, ku jiƙa a bokiti mai lita 10 ya kwana, ku tace da ƙyalle, ku narka ɗan sabulun wanka a ciki don ya kama ganye, ku fesa da yamma, sama da ƙasan ganye. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Yana hana shi ci ne, ya hana shi girma, don haka sai an maimaita duk mako. Masu gaggawa sukan ce ba ya aiki. Yana yi, haƙuri yake so.

Abin da nake roƙonku da girman Allah, kada ku fesa fiya-fiya ko wani maganin da aka ɗura a kwalbar da ba rubutu a kan ganyen da za a ci. Na taɓa shiga wani gida na tarar an fesa wa alayyafo irin wannan da safe, da yamma ana shirin yanka shi a yi miya, yara na wasa a gefen fangalin. Ranar ban iya barci ba. Guba ce mai ratsa fata da numfashi, ba a banza hukumar NAFDAC ta hana sayar da maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni da kantuna barkatai a 2019 ba. Wanke ganye ba ya fitar da ita duka. Duk maganin gona na gaskiya yana ɗauke da rubutun kwanakin da za a jira kafin girbi, kuma alayyafon da ake yanka kowane mako ba shi da wannan jiran. Idan abu ya fi ƙarfinku, ku tsinki ganyen ku kai wa malamin gona na hukumar noma ta KTARDA, ko wani tsohon mai lambu, ya gani da idonsa. Asarar fangali ɗaya ba komai ba ce a kan lafiyar ƙannenku.

Wani abin da ke ruɗa masu tumatir da tattasai shi ne ɗuwawun ɗan ya yi baƙi ya lotsa tun yana ɗanye. Ba tsutsa ba ce, kada ku fesa komai. Ban-ruwa ne mara tsari, yau a cika gobe a manta, sai sinadarin da ke gina jikin ɗan ya kasa isa ƙarshensa. Daidaita ruwa, na gaba za su fito lafiya.

Ku kula da haƙƙin maƙwabta. Yawancin gidajen cikin gari katangarsu ɗaya da ta wani, wasu kuma har yau ta ƙasa ce. Fangalin da aka manna da katanga yana jiƙa gindinta kullum, wata rana da damina ta zauna. Ku ja baya taku ɗaya. Kada ku shuka ganyen ci kusa da masai ko bakin kwata. Mangwaro da darbejiya ba na ƙaramin tsakar gida ba ne, saiwarsu na fasa daɓe, inuwarsu kuma na hana kayan lambu rana, alhali suna bukatar kamar awa shida a yini. Wanda ke gidan haya ko gidan da aka shafe da siminti, buhu ya ishe shi. A huda ƙasansa, a cika da ƙasa kashi biyu taki kashi ɗaya, gindi ɗaya na kuɓewa ko attaruhu a kowane buhu. Sai dai buhu ya fi ƙasa saurin bushewa, a bazara a jawo shi inda inuwar yamma ke sauka.

Itace ɗaya da zan ce kowane gida ya samu shi ne zogale. Mutanen Jiratawa kusa da Maraɗi sun mai da shi sana'a, gonaki guda suke yi. A gida gindi uku sun isa kwaɗo. Kuskuren da ake yi shi ne barinsa ya miƙe kamar sanda har ganyen ya fi ƙarfin hannu. Da ya kai ƙugu a datse kansa, zai yi rassa, a riƙa datsewa ana ci. Ba ya son ruwa ya kwanta masa, kuma wanda aka shuka daga iri ya fi wanda aka dasa reshe jure gara, don yana da doguwar saiwa.

Iri kuma, ku koyi ajiye naku. Ku zaɓi kuɓewar da ta fi lafiya, ku ɗaura mata ƙyalle don kada a tsinke, ku bar 'ya'ya uku su bushe a jikinta. Alayyafo a bar gindi biyu su yi kai. A shanya a inuwa, a zuba a kwalba da ɗan toka, a toshe, a ajiye inda ba zafi. Amma irin leda da aka rubuta wa F1 haɗi ne, 'ya'yansa ba sa gado uwar, ba a ajiye shi.

Yaron nan mun zauna da shi mun yi lissafi, Innarsa ta ce jarka ɗaya za ta iya, da ruwan alwala. Ya yi fangali biyu na alayyafo, da tulu ɗaya a binne da kuɓewa huɗu kewaye. Irin tumatir da kabeji da latas da karas na sa ya zuba a kwalba ya ajiye ƙarƙashin gadon Innarsa sai Oktoba. Bayan kwana goma ya dawo ransa a ɓace, ƙadangaru sun cinye rabin fangali ɗaya. Na ba shi tsohon gidan sauro, ya sake yafawa a ranar.